Sharhi Kan Framework Laptop 13 da Fedora Linux: Kwamfutar da Mai Ita Ke Haɗawa da Hannunsa

Yawancin kwamfutocin tafi-da-gidanka da ake sayarwa a yau suna isowa hannun mai saye ne a rufe, an riga an ɗora musu Windows, an kuma cusa kuɗin lasisinta a cikin farashi, ko mutum yana buƙatarta ko ba ya buƙata. Framework Laptop 13, musamman nau'in da kamfanin ya kira DIY Edition, ta kauce wa wannan al'ada, domin tana zuwa ne ba a gama haɗa ta ba, kuma babu wata babbar manhaja a cikinta. Mai saye ne zai zaɓi girman ram, wato ƙwaƙwalwar da kwamfuta ke riƙe aikin da take kai a cikinta, da na ma'adanar bayanai, shi zai dasa su da hannunsa, shi kuma zai yanke shawarar manhajar da za ta tafiyar da na'urar. Wannan sharhi ya shafi samfurin da ya fito a 2023 mai ɗauke da furosesar AMD Ryzen 7040, tare da Fedora Workstation, wadda ɗaya ce daga cikin rassan Linux da kamfanin ya amince da su a hukumance. A ganina, ɗora Linux a kan wannan kwamfuta shi ne mafi sauƙi a cikin lamarin duka, kuma abubuwan da suka cancanci dogon nazari kafin a fitar da kuɗi suna wani wuri daban.

Nirav Patel ne ya kafa kamfanin Framework a birnin San Francisco na Amurka a 2020, bayan ya yi aiki a Apple da Oculus, kuma kwamfutar farko ta fara isa hannun jama'a a 2021. Ta fito ne a daidai lokacin da manyan kamfanoni suka rungumi ɗabi'ar liƙe ram a jikin babban allon lantarki da dalma, da manne batir da gam, ta yadda ƙaramar lalacewa kan tilasta wa mutum sayen sabuwar na'ura. Framework ya ɗauki hanyar da ta saɓa wa wannan, har shafin iFixit, wanda ya yi suna wajen auna sauƙin gyaran na'urori, ya ba kwamfutar maki 10 cikin 10. Kusan kowane sashe da ke cikinta yana ɗauke da lambar QR da ke kai mutum ga bayanin yadda ake cire shi da inda ake sayen madadinsa.

Aikin haɗawar bai kai yadda sunan ke tsoratarwa ba. A cikin kwalin akwai sukundireba guda ɗaya mai bakin Torx T5, kuma ita kaɗai ake buƙata daga farko har ƙarshe. Babban allo da furosesa da fanka da batir da sikirin duk an riga an ɗaura su a masana'anta. Abin da ya rage wa mai saye shi ne ya zura ram a mazauninsa a karkace sannan ya danna shi har ya ji ya kama, ya dasa ma'adanar NVMe mai girman M.2 2280 ya ɗaure ta da noti ɗaya, ya jona siririyar wayar da ta haɗa murfin madannai da babban allo, sannan ya kife kwamfutar ya ɗaure notuna biyar na ƙasa, waɗanda aka ƙera su yadda ba sa fita gaba ɗaya balle su ɓace. Firam ɗin da ke kewaye da sikirin maganaɗisu ne ke riƙe da shi, ɗora shi kawai ake yi. Wuri ɗaya da ke buƙatar natsuwa shi ne wannan siririyar waya ta murfin madannai, domin ita ce ke ɗauke da saƙon madannai da na wurin goga yatsa, kuma wanda ya fizgi murfin da ƙarfi zai iya yi mata lahani. Wanda ya taɓa canza wa wayar salula batir a zamanin da ake buɗe bayanta ba zai sha wahala a nan ba.

Akwai shawara guda game da ram da ta fi ƙarfin a wuce ta da sauri. Wannan samfuri yana amfani da DDR5-5600, yana da mazauni biyu, kuma sashen sarrafa hotuna na furosesar, wato Radeon 760M a kan Ryzen 5 7640U mai ƙwayoyi shida ko Radeon 780M a kan Ryzen 7 7840U mai ƙwayoyi takwas, ba shi da ram nasa na kansa, daga na kwamfutar yake ɗiba. Saboda haka guda biyu masu gigabait 8 kowanne sun fi guda ɗaya mai gigabait 16 sauri a aikin hoto da bidiyo, ko da yake jimillar ɗaya ce. Wanda ya sa guda ɗaya da niyyar ƙara na biyu daga baya bai yi laifi ba, amma ya san cewa bai ga cikakken ƙarfin na'urarsa ba tukuna. Haka kuma, a kunnawar farko sikirin kan tsaya baƙi na tsawon minti ɗaya ko fiye, yayin da babban allo ke gwada sabon ram yana daidaita kansa da shi. Wannan ba alamar lalacewa ba ce, kuma kamfanin ya yi gargaɗi a kai a cikin jagoransa.

Ramukan jona na'urori su ne abin da ya fi jan ido. A maimakon kafofin da aka kafe su dindindin, kwamfutar tana da gurabe huɗu, biyu a kowane gefe, inda ake zura ƙananan katuna gwargwadon buƙata: USB-C, USB-A, HDMI, DisplayPort, microSD, ramin wayar intanet, har da ƙarin ma'adana. Kowane kati a ciki USB-C ne, don haka Linux ba ta ganin wani baƙon abu, tana karɓarsa kamar kowace na'urar USB. Amfanin da ba a cika ambata ba shi ne cewa ramin caji, wanda yana cikin wuraren da suka fi saurin lalacewa a kowace kwamfuta, a nan katin ne ke shan wahalar cirewa da sakawa, idan ya gaji a musanya shi ba tare da an taɓa babban allo ba. Sai dai a samfurin AMD guraben huɗun ba ƙarfinsu ɗaya ba: biyun baya ne ke da USB4, wato nau'in da ya fi sauri, ɗaya daga cikin na gaba ba ya fitar da hoto zuwa wani sikirin, kuma kamfanin da kansa ya ba da shawarar a sa katin USB-A a gaba domin a baya ya fi cin batir. Gurabe huɗu kuma ba su da yawa idan aka tuna cewa ɗaya na caja ne.

Game da zaɓen manhaja, Linux ba abu ɗaya ba ce. Ƙwayarta, wadda Linus Torvalds ya fara rubutawa a 1991 yana ɗalibi a Helsinki, ita ce ke magana da kayan ƙarfen kwamfuta, kuma ƙungiyoyi da kamfanoni daban-daban suna ɗaukarta su haɗa da sauran manhajoji su fitar da nasu reshen. Abin da ke da muhimmanci ga sabuwar kwamfuta shi ne cewa direbobin da ke tafiyar da katin Wi-Fi da sashen hotuna da tsarin barci galibi a cikin ƙwayar suke, ba a faifai daban ba kamar yadda masu Windows suka saba. Sabuwar furosesa tana buƙatar sabuwar ƙwayar Linux, kuma a nan ne mutane da yawa suke tuntuɓe, su ɗora reshen da ƙwayarsa ta girmi na'urar, abubuwa su ƙi aiki, su ɗora laifin a kan Linux gaba ɗaya. Fedora, wadda kamfanin Red Hat ke ɗaukar nauyinta, tana fitar da sabon zubi kusan kowane wata shida, tana kuma sabunta ƙwayar a tsakanin zubi da zubi. Fedora 39 da ta fito a watan Nuwamba na 2023 da ƙwaya ta 6.5 ta zo daidai da lokacin da wannan samfuri ya shiga kasuwa, kuma duk zubin da ya biyo baya ya ƙara gyara zama a kansa. Ubuntu ma tana cikin rassan da Framework ya tsaya wa, kuma nau'inta mai dogon zango, wanda ke fitowa duk shekara biyu a watan Afrilu da tallafin shekara biyar, ya fi dacewa da wanda ba ya son yawan canji.

Ɗora manhajar gajeren aiki ne. Ana sauke fayil ɗin Fedora mai girman gigabait biyu da ɗoriya a wata kwamfutar, a rubuta shi a kan filashi da manhajar Fedora Media Writer, wadda ke aiki a Windows da macOS ma, sannan a soka filashin a danna F12 yayin kunnawa a zaɓe shi. Ba a buƙatar kashe kariyar Secure Boot, domin Fedora tana tashi da ita a kunne. Kafin a taɓa ma'adanar, manhajar tana tashi daga filashin a matsayin gwaji, kuma a nan ne ya kamata mutum ya duba Wi-Fi da sauti da kyamara ya tabbatar da komai. Tun da ma'adanar sabuwa ce babu komai a cikinta, babu fargabar goge wani abu, kuma tambayoyin kaɗan ne: harshe, tsarin madannai, yankin agogo, da ko ana so a kulle ma'adanar da kalmar sirri. Ina ba da shawarar a amsa wannan ta ƙarshe da e, domin a kwamfutar da ake buɗewa da sukundireba ɗaya, ɓarawo ma zai iya zare ma'adanar cikin mintuna kaɗan, kuma wannan kullewa, wadda ake kira LUKS, ita kaɗai za ta hana shi karanta abin da ke ciki. Sharaɗin shi ne, wanda ya manta kalmar sirrin ya yi sallama da bayanansa, babu ofishin da zai kai kuka. Babu matakin da ake tilasta wa mutum buɗe asusu a intanet kafin ya shiga kwamfutarsa, kuma wanda ya kafa Windows 11 a kwanan nan zai lura da wannan bambanci.

Bayan an gama, jerin abubuwan da ke aiki ba tare da an taɓa komai ba yana da tsawo har ba ya buƙatar dogon bayani. Katin Wi-Fi na RZ616 da Bluetooth, sauti, kyamara, maɓallan ƙara haske da ƙara murya, hasken madannai, duk suna amsawa. Na'urar karanta zanen yatsa da ke jikin maɓallin kunnawa, wadda a kwamfutoci da dama ita ce ke gagarar Linux, a nan ana yi mata rajista daga cikin saitunan GNOME, wato fuskar aikin da Fedora Workstation ke zuwa da ita, a buɗe kwamfuta da ita, a kuma tabbatar da umarnin da ke buƙatar izini. Kyamara da makirufo suna da ƙananan makunnai a saman sikirin da ke yanke musu wuta kai tsaye, abin da babu wata manhaja da za ta iya zagaye shi. Madannan suna da zurfin milimita 1.5 kuma suna da daɗin rubutu mai tsawo. Lasifikokin dai matsakaita ne, sun isa taro ta bidiyo da sauraron karatu, amma ba su kai na kwamfutocin da ke wannan farashi daga manyan kamfanoni ba.

Mai rubutu da Hausa zai ji daɗin abu guda da ba ya buƙatar saukewa daga ko'ina. A cikin tsare-tsaren madannai da ke zuwa da Linux akwai na Hausar Najeriya da na Hausar Gana, waɗanda ke fitar da haruffa masu lanƙwasa, kuma ana iya ƙara na Larabci a gefe a riƙa sauyawa tsakaninsu da danna maɓalli biyu. Haruffan ba a zane suke a jikin madannan ba, don haka sai an ɗan yi haƙuri kafin yatsu su haddace wurarensu.

Matsala ta farko ta gaske tana jikin sikirin ne, kuma ta samo asali daga ingancinsa. Faɗinsa inci 13.5 ne, mai siffar 3:2 wadda ta fi tsayi fiye da yadda aka saba, abin da ke da amfani ƙwarai ga mai karatu da rubutu domin layuka da yawa suna bayyana a lokaci guda. Ɗigoginsa 2256 a kwance ne da 1504 a tsaye, wato kusan ɗigo 200 a kowane inci. Idan aka bar girman rubutu a kashi 100 cikin 100, haruffa sun yi ƙanƙanta har ido ya gaji, idan kuma aka ninka zuwa kashi 200, komai ya yi girma har wurin aiki ya ƙuntata. Abin da ya dace shi ne kashi 150, kuma irin wannan girma na tsaka-tsaki ya daɗe yana ba GNOME wahala. Manhajojin da aka gina domin Wayland, sabon tsarin nuna hoto da Fedora ta koma kansa tun 2016, suna fitowa tsaf, amma tsofaffin da ke bi ta tsohon tsarin X11 kan fito da ɗan dishi-dishi a gefen haruffa, abin da mai kaifin ido ba zai iya daina gani ba da zarar ya lura da shi. Lamarin ya ragu sosai a zubin baya-bayan nan, kuma KDE Plasma, wata fuskar aikin daban wadda Fedora ta ɗaga matsayinta zuwa cikakken nau'i a zubi na 42 a 2025, ta riga GNOME shawo kansa. Kamfanin ma ya fitar da wani sikirin a 2024 mai ɗigo 2880 da 1920, wanda ke zama daidai a kashi 200 ba tare da wata dabara ba. Ga wanda ya san cewa Linux ce zai ɗora, kuma aljihunsa zai iya, wannan sikirin na biyu ya cancanci ƙarin kuɗinsa.

Matsala ta biyu ta Fedora ce, ba ta kwamfutar ba. Da yake Red Hat kamfanin Amurka ne da dokokin haƙƙin ƙirƙira suka ɗaure shi, Fedora ba ta zuwa da wasu manhajojin buɗe bidiyo, kuma a 2022 ta cire damar da sashen hotuna na AMD ke da ita na warware bidiyon H.264 da H.265 da kansa. Sakamakon haka, irin waɗannan bidiyoyi, waɗanda su ne akasarin abin da wayoyi ke ɗauka, suna faɗawa kan furosesa, fanka ta tashi, batir ya yi saurin sauka. Bidiyon da ke tsarin VP9 da AV1, kamar yawancin na YouTube, wannan bai shafe su ba. Maganin sananne ne: a ƙara rumbun manhajoji na RPM Fusion, a musanya direban da wanda ba a rage masa komai ba, a kuma buɗe rumbun Flathub domin samun irin su VLC da ke zuwa da kayan aikinsu. Umarni ne kaɗan da ake kwafa a tagar umarni, amma a nan ne sabon shiga zai fara jin cewa ya bar gida, kuma babu wani saƙo a kan sikirin da zai sanar da shi cewa akwai abin da ya rage.

Batir da barci su ne wurin da wannan haɗi ya zama madaidaici kawai. Batirin yana da ƙarfin watt-awa 55 ko 61 gwargwadon wanda aka zaɓa, kuma furosesar AMD ba ta da haɗama a aikin rubutu da lilo a intanet, amma kada wanda ya saba da MacBook mai furosesar Apple ya sa ran irin wannan juriya. Wannan samfuri yana da salon barci guda ɗaya ne, wanda ake kira s2idle, inda na'urar ba ta mutuwa gaba ɗaya, don haka tana ci gaba da tsotsar batir kaɗan-kaɗan a cikin jaka. Dogon barcin da ke adana komai a ma'adana ya kashe wuta ɗungurungum ba a saita shi a Fedora ba, kuma kafa shi tare da Secure Boot aiki ne mai sarƙaƙiya. Mai doguwar tafiya gara ya kashe kwamfutar kawai, tun da tashinta ba ya ɗaukar lokaci. A gefe guda, akwai abubuwa biyu da za su yi wa mai zama inda wutar lantarki ba ta da tabbas daɗi. Ana caji ta kowane gurbi da aka sa wa katin USB-C, da kowace caja ko fawabank mai tsarin USB Power Delivery da ke da isasshen ƙarfi, kamar watt 60 na cajar kamfanin, ba sai an nemi wata caja ta musamman ba. Sannan a cikin saitunan BIOS, wato manhajar babban allo da ke tayar da kwamfuta, da ake shiga da F2, ana iya ƙayyade caji ya tsaya a kashi 80, wanda ke tsawaita ran batirin da ke wuni a jone da sola ko inbata. Ƙurar hunturu ma ba abin tsoro ba ce sosai ga na'urar da ake buɗewa a share fankarta a mayar cikin ɗan lokaci.

Masu son buɗaɗɗiyar manhaja saboda aƙida ya kamata su san iyakar buɗewar. Manhajar ƙaramin sashen da ke kula da madannai da caji da fanka a buɗe take, kamfanin ya wallafa ta, kuma ta samo asali ne daga wadda ake amfani da ita a kwamfutocin Chromebook. Amma BIOS ɗin na kamfanin Insyde ne, a rufe yake kamar na kowa. Abin yabo shi ne ana sabunta shi daga cikin Linux ta hanyar rumbun sabuntawa na LVFS da manhajar fwupd, ba sai an nemo Windows ba, wanda a kwamfutoci da yawa har yau ba ya yiwuwa. Abin suka kuma shi ne kamfanin ya yi jinkiri wajen fitar da irin wannan sabuntawa ga wasu samfuransa na Intel, har shugabansa ya amsa hakan a bainar jama'a a 2024 ya yi alƙawarin gyara. Ƙaramin kamfani da ke ƙara yawan samfura kowace shekara, alhali ya yi alƙawarin kula da tsofaffin, ya ɗaukar wa kansa nauyi mai girma, kuma a nan ne za a auna shi nan gaba.

Fedora tana cin data, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ke sayen gigabait da kuɗinsa. Sabuntawar farko bayan ɗorawa takan yi nauyi, sannan kusan kowane mako akwai sababbi, ga kuma babban ƙaura zuwa sabon zubi da ba za a iya jinkirta shi fiye da kimanin wata 13 ba, domin a nan tallafin kowane zubi ke ƙarewa. A saitunan GNOME ana iya nuna cewa layin intanet ɗin na awo ne domin a hana saukewa ta kai tsaye, a bari sai an samu Wi-Fi mai yalwa. Duk da haka, wanda data ke yi wa tsada zai fi samun sauƙi da Ubuntu mai dogon zango.

Tambayar da za ta yanke hukunci ga mutane da yawa ba ta shafi ƙarfe ba, ta shafi aikin da suke ci da shi. Microsoft Office da Photoshop da CorelDRAW da AutoCAD ba su da nau'in Linux. LibreOffice da ke zuwa da Fedora tana buɗe fayilolin Word da Excel tana kuma adana su, kuma ta wadatar ga wasiƙa da rahoto da lissafi, amma takarda mai sarƙaƙƙiyar shimfiɗa, kamar kundin digiri mai tebura da yawa da za a miƙa wa malamin da ke amfani da Word, takan ɗan goce. Inkscape da GIMP da Krita manhajoji ne masu ƙarfi, sai dai mai shagon buga katin biki da kalanda wanda abokan hulɗarsa duka fayil ɗin CorelDRAW suke turo masa ba shi da dalilin wahalar da kansa. Ana iya tayar da Windows a cikin taga ta manhajar GNOME Boxes domin buƙatar lokaci-lokaci, amma idan a nan mutum zai wuni, to bai bar Windows ba. Ga mai rubuta manhaja, da ɗalibin kimiyyar kwamfuta, da mai kula da sabobi, da ɗan jarida ko marubucin da aikinsa ke cikin burauza, babu abin da zai rasa: Firefox na nan, Chrome da Zoom da Telegram suna da nau'in Linux, WhatsApp kuma ta burauza ake shiga.

Farashin ba na araha ba ne. Nau'in da ake haɗawa da hannu ya fara ne daga dala 749 a 2021, samfurin AMD kuma ya fito a kan dala 849 a 2023, kuma wannan bai haɗa da ram da ma'adana da caja da katunan gefe ba. Da irin wannan jimilla ana samun kwamfuta mai ƙarfi ɗaya daga Lenovo ko Asus har a yi ragi. Abin da ake biya wa ƙarin shi ne alƙawarin cewa gangar jikin za ta daɗe fiye da abin da ke cikinta, kuma zuwa yanzu kamfanin ya cika shi: jikin da aka sayar a 2021 da Intel zubi na 11 ya karɓi babban allo na zubi na 12 da na 13, da na AMD 7040, da Core Ultra na 2024, da Ryzen AI 300 na 2025. Wanda zai tashi daga tsohon allo mai DDR4 zuwa sabo dole ya sayi sabon ram, don haka canjin bai kai arahar da ake zato ba, amma tsohon allon ba ya zama shara, domin ana iya sa shi a wani ƙaramin akwati ya zama kwamfutar tebur.

Duk wannan lissafi ya dogara ne da samun kayan gyara, kuma a nan ne mai karatu a Kano ko Maraɗi ko Kumasi ya kamata ya tsaya. Framework yana aika kaya ne zuwa Amurka da Kanada da Birtaniya da ƙasashen Tarayyar Turai da Ostireliya da Taiwan da wasu ƙalilan, babu Najeriya ko Nijar ko Gana a ciki, kuma ya bayyana cewa ba ya goyon bayan saye ta hannun kamfanonin da ke karɓar kaya su tura wata ƙasa. Ram da ma'adana da katin Wi-Fi na gama-gari ne, ana iya nemansu a kasuwannin kwamfuta irin su Computer Village ta Ikeja. Amma sikirin da batir da madannai da babban allo daga kantin kamfanin kaɗai suke fitowa, kuma batir mai sinadarin litiyam ba abu ne da ake aikowa ta jirgi cikin sauƙi ba. Kwamfutar da ta fi kowace sauƙin gyara a Landan, a Kano ta zama kamar motar da babu kayanta a Ƙofar Ruwa. Tsohuwar ThinkPad ko Dell Latitude ko HP EliteBook ta hannu, wadda kowane mai gyara ya san cikinta kuma ana samun batirinta da sikirinta a kasuwa, tana ɗaukar Fedora ɗin nan ba tare da gardama ba, har ma Lenovo ya fara sayar da wasu ThinkPad da Fedora a cikinsu tun 2020. Tun da Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, kuma yawancin kwamfutocin da furosesarsu ta girmi Intel zubi na 8 ba sa cikin waɗanda Windows 11 ta amince da su, irin waɗannan na'urori su ne suka fi buƙatar Linux a yanzu, a kan kaso kaɗan na kuɗin Framework.

Ga ɗalibi ko ma'aikacin da ke zaune a ɗaya daga cikin ƙasashen da kamfanin ke kai kaya, wanda kuma aikinsa bai rataya ga manhajojin Windows ba, ina ba da shawarar wannan kwamfuta da Fedora ba tare da jinkiri ba, da ram guda biyu da sikirin mai ɗigo 2880. Wanda kuma zai dawo da ita gida, ko zai sa ɗan'uwa ya riƙo masa, ya haɗa da ƙarin katin USB-C guda biyu da na USB-A tun a odar farko, ya duba sikirin da madannai da kowane gurbi sosai tun tana ƙasar da garantinta ke aiki, ya kuma sabunta BIOS da manhajar gaba ɗaya a kan intanet ɗin can kafin ranar tafiya.